Tsarabar Hamada: Matafiya Hausawa da Kayan Waje a Hanyar Sabha

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan mutum ya dawo daga tafiya, akan taru a yi masa barka da zuwa, a tambaye shi hanya, a tambaye shi mutanen da ya baro. Bayan an gama gaisuwa sai a kwance kaya. Abin da ya fito daga cikin kayan aka rarraba wa iyali da dangi da maƙwabta, shi ake kira tsaraba. Da tsaraba ake gane cewa lalle matafiyi ya kai inda ya ce ya kai, da ita kuma ake auna ko tafiyar ta yi riba. Wanda ya shekara biyu a waje ya dawo hannu rabbana, ko ba a ce masa kome ba, ya san abin da ake faɗi a bayan idonsa.

Wannan takarda ta ƙunshi tarihin tsarabar da ta riƙa shigowa ƙasar Hausa ta hanyar hamada wadda ta ratsa ƙasar Fezzan a kudancin Libiya, inda garin Sabha yake. A cikin shekaru ɗari biyu kayan sun sake kama har sau uku. Da farko madubi ne da allura da takobi a bayan raƙumi. Daga baya rediyo da rikoda da talabijin a bayan babbar mota. A ƙarshe kuma wayar salula a aljihu. A kowane zamani mutanen gida suna ganin kayan, amma ba kasafai suke ganin abin da aka biya kafin kayan su iso ba. Za a bi waɗannan zamuna uku ɗaya bayan ɗaya, a kuma tsaya a kan labarin wani Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya bi wannan hanya a 1855 har ya kai London.

Sabha da ƙasar Fezzan

Fezzan ita ce yankin kudu maso yammacin Libiya. Hamada ce, sai dai akwai kwaruruka inda ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa, a nan ake noman dabino da alkama da sha'ir. Saboda haka ayarin da ya taso daga Tarabulus a bakin Bahar Rum zai nufi Borno ko ƙasar Hausa, a Fezzan yake samun ruwa da guzuri, raƙuma su huta. Tun kafin zuwan Musulunci wasu mutane da Rumawa suke kira Garamantes sun kafa mulki a wurin, babban birninsu shi ne Jarma. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem sun mallaki ƙasar. Daga ƙarni na 16 zuwa farkon ƙarni na 19 kuwa gidan sarautar Aulad Muhammad ne ya yi mulki, kuma a Murzuk suka zauna.

Manyan hanyoyi biyu ne suka haɗa Fezzan da kudu. Ta farko ta tashi daga Murzuk, ta bi ta Gatrun da Bilma, ta sauka a bakin tafkin Chadi. Ita ce hanyar Borno. Ta biyu ta tashi daga Gat a yammacin Fezzan, ta ratsa duwatsun Abzin, ta bi ta Damargu da Damagaram, ta shiga Katsina ko Kano.

A wancan zamani Sabha ba birni ba ce. 'Yan ƙauyuka ne a cikin gonakin dabino, irin su Jadid da Gurda da Hajara, kuma zango ce a kan hanyar da ta tashi daga Murzuk ta bi ta Sokna zuwa Tarabulus. Girmanta ya zo ne daga baya, kamar yadda za a gani. A yau tsakaninta da Tarabulus kimanin kilomita 770 ne ta hanyar mota.

Zamanin ayari

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa da Barebari suka sani da suna Abdulkarim, ya tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850, ya bi ta Murzuk da Gat da Agadas, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya lura da kasuwar birnin sosai, ya kuma rubuta irin kayan da suke zuwa daga arewa. A cikinsu akwai farin yadi daga Manchesta ta Ingila, da alharini da sukari daga Faransa, da duwatsun ado daga Venis, da madubai da allurai daga Nuremberg, da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus, da asake, da takarda. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ne yake shigowa Kano a shekara. A Kano ake yi masa ƙota da kube, sa'an nan a sake sayar da shi. Takardar kuwa daga arewacin Italiya take zuwa, tana da alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, kuma har yau ana samun ta a cikin tsofaffin littattafan da malamai suka rubuta da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato.

Kayan sun shigo tare da sunayensu. Kalmomin allura da almakashi da alharini da alkyabba da bindiga da albarushi da sabulu da sukari duk daga Larabci Hausa ta aro su. Ko kalmar Bature da farko tana nufin farin baƙo da ya zo daga arewa, wato Balarabe. Unguwar Dandalin Turawa ta birnin Kano wurin zaman fataken Gadamas da na Tarabulus ce tun kafin zuwan Ingilishi.

Akwai labarin da ya nuna yadda manyan ƙasar Hausa suka karɓi na'urorin waje a lokacin. Hugh Clapperton, mutumin Sikotilan, ya ratso Fezzan a 1822 tare da Dixon Denham da Walter Oudney. Ya isa Kano a watan Janairu na 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris. A cikin gaisuwar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai bindigogi da yadudduka da madubai da asake da kayan ƙamshi, amma abin da ya fi ɗaukar hankalin Sarki shi ne madubin hangen nesa da kamfas, wato ƙaramar na'urar nan mai allura wadda take nuna arewa. Clapperton ya nuna masa cewa da ita mutum zai iya gane gabas a duk inda yake idan zai yi salla. Bello ya yi tambayoyi game da taurari da ƙasashen Turai, ya kuma nemi a aiko masa da likita. Ke nan abin da Sarki ya duba a jikin na'ura shi ne amfaninta da ilmin da yake bayanta.

To, da me ake biyan waɗannan kaya? Akwai tufafin Kano, musamman rinannu, waɗanda Barth ya ƙiyasta cewa ana fitar da na kuɗi wuri miliyan 300 a shekara zuwa ƙasashe dabam-dabam. Akwai jemammun fatun awaki, da hauren giwa, da gashin jimina. Amma a hanyar Murzuk babbar hajar da take tafiya arewa ita ce mutane. Ana kora bayi, yawancinsu mata da yara, su ƙetare hamada a ƙasa, a sayar da su a kasuwar Murzuk ko a wuce da su Tarabulus. Denham ya rubuta cewa a bakin wata rijiya ɗaya a kudu da Fezzan ya ga ƙasusuwan mutane fiye da ɗari. Turkawa, waɗanda suka karɓi mulkin Tarabulus kai tsaye a 1835, sun hana cinikin a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye har shekaru masu yawa. Amaryar da aka sa wa madubin Nuremberg a cikin lefenta ba ta da hanyar sanin wanda aka bayar kafin madubin ya iso hannunta. Ɗaliban Hausa sun san wannan hanya daga littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, inda mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har Murzuk, ta faɗa cikin bauta, aka kai ta Tarabulus.

Dorugu

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka sayar da shi, har ya faɗa hannun wani Balarabe a Kukawa, babban birnin Borno. A can ya shiga aikin Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda ya fanshe shi ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth. Da shi Dorugu ya je Sakkwato da Gwandu da Tambutu, ya dawo Kukawa.

A watan Mayu na 1855 Barth ya kama hanyar gida, ya tafi da su. Suka bi ta Bilma, suka isa Murzuk a watan Yuli, suka bi hanyar Sabha da Sokna, suka isa Tarabulus a ƙarshen watan Agusta. Wannan ita ce hanyar da ake kora bayi, ga shi kuwa yaron da aka taɓa sayarwa ya bi ta yana ɗa. Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, suka ratsa Faransa a jirgin ƙasa, suka isa London a watan Satumba. Barth ya kai su Jamus, sa'an nan ya shirya a mayar da su gida, amma wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda yake nazarin harshen Hausa, ya riƙe su a Ingila. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lokoja. Dorugu kuwa ya zauna sai 1864.

A gidan Schön Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, Schön yana rubutawa. Da taimakonsa Schön ya wallafa littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, labarin kuma ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran rayuwa na farko da aka buga da Hausar boko. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassararsa da Turanci.

Abin lura a cikin labarin shi ne yadda yaro ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ya kalli ƙasar Turai. Ya ga jirgin ruwa mai hayaƙi da jirgin ƙasa da manyan gidajen London, ya faɗi yadda suke ba tare da ruɗewa ba. Inda ya fi tsawaita bayani shi ne wajen mutane. Ya bayyana yadda Turawa suke cin abincin dare a tebur, da yadda ake zama, da yadda ake kawo abinci kashi-kashi, da yadda maza da mata suke yi da juna, kamar dai yadda Barth ya bayyana kasuwar Kano. A wurinsa Turawa wata al'umma ce mai nata al'adu, wasu abin sha'awa, wasu abin dariya. Duk da abin da ya gani, gida yake so.

Bayan ya dawo ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Ya rasu a 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle Vischer, ta rubuta abin da aka samu a cikin kayansa bayan rasuwarsa. Akwai tabarau masu yawa, da tufafin Turawa, da gwangwanayen biskit da na koko waɗanda ba a ko buɗe ba, da kuɗi a ajiye. Mutumin da ya fi kowane Bahaushe na zamaninsa sanin London ya tara kayan Turai ya rufe a ɗaki bai more su ba. Abin da ya rarraba wa mutane shi ne abin da ya koyo, wato karatu da labari.

Hanya ta mutu, ta kuma farfaɗo

Shekarar da Dorugu ya rasu ita ce shekarar da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya tsakanin Ikko da Kano, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Kayan da suke yin watanni a bayan raƙumi sai ga su suna zuwa cikin 'yan kwanaki, da araha kuma. A 1911 ɗin ne Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Sojojinta sun shiga Fezzan a 1914, aka kore su a ƙarshen shekarar, ba su sake kama ƙasar ba sai a 1930. A Abzin ma yaƙin Kawusan da Faransawa a 1916 da 1917 ya watsa Buzayen da suke ba da hayar raƙuma. Ta haka ayarin Tarabulus zuwa Kano ya mutu, Murzuk ta koma ƙaramin gari.

Faɗuwar Murzuk ita ce tashin Sabha. Italiyawa sun yi babban gidan soja a kan wani tudu a gefen garin, wanda daga baya har aka buga hotonsa a takardar dinari goma. A watan Janairu na 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Janar Leclerc suka taso daga Chadi suka kama Fezzan, suka yi mulkinta daga Sabha. Da Libiya ta sami mulkin kai ran 24 ga Disamba, 1951, ƙarƙashin Sarki Idris, Fezzan ta zama ɗaya daga cikin jihohi uku na ƙasar, Sabha ce babban birninta. A garin ne Mu'ammar Gaddafi ya yi karatun sakandare har aka kore shi a 1961, a nan kuma ya yi shelar tsarin Jamahiriyya ran 2 ga Maris, 1977.

Abin da ya farfaɗo da hanyar shi ne man fetur a arewa da fari a kudu. An gano mai mai yawa a Libiya a 1959, aka fara fitar da shi a 1961. Ƙasar tana da kuɗi da aiki amma mutanenta kaɗan ne. A ƙasashen Sahel kuwa an yi fari mai tsanani a farkon shekarun 1970, aka sake yin wani a 1984, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. Buzaye da Tubawa ne suka fara ƙetarawa neman aiki, Hausawan Nijar suka biyo baya, musamman na jihohin Tawa da Damagaram da Maraɗi. Dama sun saba da cin rani a Kano da Ikko da Abijan, yanzu sai aka ƙara Libiya. Sukan yi aikin gona da kiwo da gini da gadi, su shekara ɗaya ko biyu, su dawo.

Zamanin rediyo da rikoda

Zirga-zirgar ta fi ƙarfi a shekarun 1990. A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa Libiya takunkumin jiragen sama saboda harin Lockerbie. Gaddafi ya ga ƙasashen Larabawa ba su tsaya masa ba, sai ya juya fuskarsa kudu. A watan Mayu na 1997 ya karya takunkumin ya sauka a Yamai da Kano, a 1998 kuma aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus. Baƙaƙen fata suka ji ana cewa ƙofa a buɗe take. Manyan motocin Marsandi suka riƙa tashi daga Agadas, su bi ta Dirku da Madama da Tummo da Gatrun, su sauke mutane a Sabha. Garin ya cika da baƙi, aka sami masu ɗinki da masu aski da masu sayar da abinci daga Nijar da Nijeriya da Gana da Chadi da Sudan. Wani masani Bafaranshe, Olivier Pliez, ya wallafa littafi a 2003 a kan yadda garuruwan Fezzan suka bunƙasa a wannan lokaci.

Duk wanda ya ga hoton motar da ta dawo daga Libiya a waɗannan shekaru ba zai manta ba. Ba a ganin jikin motar saboda kaya. Katifu da barguna da dardumomi da kekuna da jarkokin ruwa suna rataye ta kowane gefe, mutane kuma suna zaune a ƙololuwa sun naɗe fuska. A tsakiyar ƙullin kowane mutum, a naɗe cikin bargo don kada rairayi ya shiga, akwai rediyo ko rikoda mai cin kaset biyu, ko talabijin, ko agogon bango.

Akwai dalilin da ya sa ɗan ci-rani yake dawowa da kaya maimakon kuɗi. Fitar da dinarin Libiya waje yana da wuya, kuma canjinsa a kasuwar bayan fage ya yi ƙasa ƙwarai da canjin gwamnati. Ga shi kuma gwamnati tana sa tallafi a kan kayan masarufi irin su makaroni da man girki da tumatirin gwangwani da madarar gari, saboda haka suna da araha. Mai hankali sai ya mayar da ladan aikinsa kaya a kasuwar Sabha, in ya iso Agadas ko Damagaram ya sayar da wasu, ya kai wasu gida. Rediyo dukiya ce da za a iya sayarwa ranar da hatsi ya ƙare.

Amma rediyo ya wuce dukiya. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Amurka a 1979, saboda haka gidan da yake da rediyo a ƙauye shi ne majalisa, a nan ake taruwa jin labarin duniya. Rikoda kuma ta zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Mutum yakan zauna a ɗakinsa a Sabha ya ɗauki muryarsa a kaset, ya gai da kowa da sunansa, ya faɗi abin da za a yi da saƙon da ya aiko, ya ba mai komawa gida. Saurayin da ya dawo da rikoda a kafaɗa da agogo a hannu, an san zancen aurensa ya kusa. Ƙannensa da suke kallonsa kuwa sun riga sun ƙudurta cewa su ma da kaka ta wuce za su tafi.

Abin da rikodar ba ta faɗa shi ne wahalar hanya. Mota takan lalace ko direba ya ɓace, ruwa ya ƙare. A kowane shinge sai an biya. Wani mai gida yakan riƙe albashin watanni, baƙon da ba shi da takarda kuwa ba shi da inda zai kai ƙara. A watan Satumba na 2000 aka far wa baƙaƙen fata a garin Zawiya da wasu garuruwan arewacin Libiya, aka kashe mutane, aka kwaso dubbai aka mayar da su Nijeriya da Gana da Nijar. Da yawansu sun bar duk abin da suka tara a can.

Zamanin wayar salula

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, ba da daɗewa ba kuma ta game Nijar. Da farko ita ma tsaraba ce, kuma ta fi duk sauran daraja. Amma cikin 'yan shekaru 'yan kasuwar Kano suka riƙa zuwa Dubai da Guwanzu ta ƙasar Sin a jirgin sama, kasuwar waya ta Farm Centre ta cika da Nokia, daga baya da Tecno da Itel. Ba sai an ƙetare hamada kafin a mallaki waya ko talabijin ba. Sai tsaraba ta sake kama. Yanzu kuɗi ake aikowa. Ɗan ci-rani yakan ba wani ɗan kasuwa dinari a Sabha, shi kuma ya buga waya, abokin cinikinsa ya ba iyalin mutumin sefa a Agadas ko Damagaram. Saƙon murya na WhatsApp ya maye gurbin kaset. Hoton da aka sa a Facebook, na saurayi cikin sababbin tufafi a jikin motar da ba tasa ba, yakan iso ƙauye tun mai shi bai biya bashin kuɗin mota ba. Direbobin hamada ma sun koma ƙananan motoci ƙirar Hilux, suna riƙe da wayar Thuraya da na'urar GPS, jikanyar kamfas ɗin da aka nuna wa Sarkin Musulmi Bello.

A 2011 aka yi tawaye a Libiya. 'Yan tawaye sun kama Sabha a watan Satumba, aka kashe Gaddafi ran 20 ga Oktoba. An zargi baƙaƙen fata da zama sojojin haya, dubun dubatar 'yan Nijar suka gudo gida ba kome a hannunsu. A watan Maris na 2012 faɗa ya ɓarke a Sabha tsakanin Tubawa da Larabawan Aulad Sulaiman, mutane kusan 150 suka mutu. Da hukuma ta yi rauni, unguwanni da hanyoyi suka koma hannun masu bindiga.

A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi a Sabha. Waɗanda suka tsira sun ce akan kulle mutum a wani gida, a miƙa masa waya ya kira iyayensa, a riƙa dukansa suna ji, har sai sun aiko da kuɗin fansa. A watan Nuwamba na shekarar gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a kusa da Tarabulus. Shekara 160 bayan Turkawa sun hana cinikin bayi, an sake sa wa mutum kuɗi a hanyar Fezzan, kuma na'urar da ta kasance abin alfaharin matafiyi da ita ake karɓar fansarsa.

Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a watan Mayu na 2015, aka fara aiki da ita sosai a 2016 da goyon bayan Tarayyar Turai. Direbobi suka bar hanyar da aka sani mai rijiyoyi suka koma bin ɓarauniyar hanya, haɗari ya ƙaru. Gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Duk wannan bai tsayar da tafiyar ba. A ƙididdigar IOM ta farkon shekarun 2020, 'yan Nijar ne suka fi kowace ƙasa yawa a cikin baƙin da suke Libiya, kuma yawancinsu ba Turai suka nufa ba. Aiki suka je nema, su sayi hatsi da sa na huɗa, su yi aure, su rufa wa gida asiri. Da yawa kuma idan abin ya ƙi, kunyar komawa hannu rabbana takan riƙe su a can har shekaru.

Kammalawa

Hausawa suna da karin magana biyu masu kama da juna. Sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Na farkon shi Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta bayan zuwansa Ingila a 1943. Na biyun kuwa shi mutanen gida sukan jefi wanda ya dawo daga Libiya a wulaƙance da shi, ko da yake sau da yawa fari da rashin aiki ne suka kore shi, kuma masu faɗin haka su ne suka fara tambayar abin da zai kawo.

Tarihin hanyar Sabha ya nuna cewa kowace na'ura tana da zamaninta. Madubin Nuremberg ya fashe, rikoda ta koma hannun 'yan gwangwan, wayar bara ta tsufa bana. Biskit da kokon Dorugu ba wanda ya san inda suka ƙare. Labarin da ya zauna ya ba Schön kuwa, wanda ya haɗa da kamunsa da sayar da shi da ƙetare hamada da teburin Turawa, har yanzu ɗaliban Hausa suna karanta shi, fiye da shekara 160 bayan ya faɗe shi. Dorugu ya faɗi daɗin tafiya ya kuma faɗi kuɗinta. Ɗan ci-ranin da ya dawo daga Sabha shi ma yana da irin wannan labari, idan an tambaye shi hanya da gaske kafin a kwance kaya, kuma ƙannensa sun fi bukatar jin sa a kan abin da yake cikin jaka.